Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Tsarin Gari a Jega, Aliero da Maiyama

'Yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so mu yi nazari a kan tsarin gari. Abin da ake nufi da tsarin gari shi ne a zauna tun kafin a fara gini, a raba ƙasa bisa ga amfanin da za a yi da ita. A ce nan gidajen zama ne, nan kasuwa, nan tashar mota, nan makaranta, nan makabarta, nan kuwa hanyar ruwa ce, kada kowa ya toshe ta. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka wannan aikin safiyo ne da manyan ma'aikata, babu ruwan talaka a ciki. Amma wanda ruwan sama ya taɓa kora daga ɗakinsa da tsakar dare, da wanda aka ɗauko majinyacinsa a kafaɗa domin mota ba ta iya shiga lungunsu, sun san talaka maganar ta fi shafa.

Zan yi misali da garuruwa uku waɗanda yawancinmu muka sani, watau Jega da Aliero da Maiyama. Abin da nake so mai karatu ya riƙe ɗaya ne. Fili kafin a gina shi, da alƙalami da igiyar awo ake gyara shi. Bayan an gina shi kuwa, ba ya gyaruwa sai da rushewa da kuka da zuwa kotu. Saboda haka lokacin da ya kamata jama'a su yi magana shi ne kafin a aza tubalin farko. Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane.

GARURUWAN UKU

Garuruwan nan uku suna cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Kowannensu hedkwatar ƙaramar hukuma ce, cikin ƙananan hukumomi 21 da jihar take da su. Hanya ɗaya ce ta saƙale su kamar carbi. Wanda ya taso daga Sakkwato ya wuce Tambuwal, Aliero zai fara tararwa, sa'an nan Jega, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu. Idan ya ƙetare Gulbin Zamfara ya miƙe kudu, sai Maiyama, sai Koko, sai Yawuri, har Kwantagora.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Jega tana da mutum kimanin 193,000, Maiyama kimanin 175,000, Aliero kuwa kimanin 66,000. Jimla ke nan kimanin 434,000. To, ga wani lissafi da kowane ɗalibi zai iya yi a bayan littafinsa. Idan jama'a tana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, za ta ninka cikin shekara 24. Watau bisa wannan lissafi, mutum 434,000 na 2006 za su kai wajen 870,000 a 2030. Mutane suna ninkawa, ƙasa kuwa tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta, ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba. Kowane saurayi da ya yi aure yana neman ɗaki, kowane ɗaki kuma a kan wani fili zai zauna. Ko an tsara ko ba a tsara ba, gari zai girma. Tambayar ita ce, ina zai nufa, wa kuma zai faɗi inda zai nufa?

MAGABATA MA SUN TSARA GARI

Kada mu ɗauka Turawa ne suka kawo mana wannan ilmi. Duk wanda ya lura da tsohon garin Hausa zai ga tsari a cikinsa. Akwai ganuwa da ƙofofi, akwai fada da masallacin Juma'a kusa da juna, akwai kasuwa, akwai unguwannin masu sana'a kamar maƙera da marina. Majema kuwa akan kai su gefen gari saboda wari. Bayan gari ana barin hurumi, watau filin da ba na kowa ba ne shi kaɗai, inda dabbobin gari ke kiwo, ake yin itace, ake ɗibar ƙasar gini. Tsakanin gonaki kuma ana barin burtali domin shanu su wuce zuwa mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba.

Malamanmu sun yi rubutu a kan wannan. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu, ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da irin filayen da ake keɓe wa jama'a. Har wa yau ya tabbata a hadisi cewa idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya, a bar mata kamu bakwai, watau wajen mita uku da rabi. Wannan ya ishi raƙumi da kayansa. A yau kuwa da motar asibiti da motar kashe gobara ke bukatar shiga unguwa, ma'anar hukuncin tana nan, sai dai awon ya kamata ya ƙaru.

Da Turawa suka zo, sai suka kawo nasu tsarin. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta raba wurin zaman Turawa da na 'yan ƙasa. Aka riƙa barin fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu, ba a gini a ciki. Unguwar Turawa ta sami tituna masu faɗi da itatuwa, cikin gari kuwa aka bar shi ga En'e da duba-gari. Ba a tambayi talaka ra'ayinsa ba. Darasin da ke nan shi ne, taswira mai kyau ba ta isa ba. Sai a duba wa aka zana wa ita, wa kuma aka yi shawara da shi.

WA KE DA IKO DA ƘASA A YAU?

Sau da yawa idan kwata ta toshe ko aka yanka filin makaranta, mutane sukan ce, "Gwamnati ba ta yi kome ba." To wace gwamnatin? Wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, zai daɗe a waje. Akwai dokoki huɗu da ya kamata mu sani.

Na ɗaya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Shi ne ya kawo ƙarshen mulkin En'e, ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati a duk faɗin Nijeriya. A yau akwai ƙananan hukumomi 774.

Na biyu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa. Ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Ta kuma raba aiki biyu. Duk wurin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da izinin mallaka a ciki. Sauran ƙasar karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙo na gargajiya, har zuwa hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Dokar ta ce a kafa kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Ta kuma hana a sayar da fili ko a jinginar da shi ba da amincewar hukumar da ke da iko da shi ba.

Na uku, Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992. Ta tanadi hukumar tsarawa a matakin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. Ta ce kada a yi gini sai da izini, ta kuma ba jama'a damar su ga daftarin tsari, su rubuta ƙorafinsu kafin a tabbatar da shi. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane a cikin jiha aikin jihar ne. A nan Kebbi akwai ma'aikatar ƙasa, akwai kuma hukumar raya birane da ake kira KUDA.

Na huɗu, Tsarin Mulki na 1999. Jadawalinsa na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Daga ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kula da su, da gina titunan cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, da kula da makabartu da filayen shan iska, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi.

A taƙaice ke nan, babbar hanyar da ta ratsa garuruwan uku ta tarayya ce. Takardar mallakar fili a cikin birni ta jiha ce. Amma kasuwa da tasha da kwata da juji da makabarta, watau abubuwan da muke kwana muke tashi da su, suna wuyan ƙaramar hukuma. Hakimi da dagaci da mai unguwa kuwa, ko da yake doka ba ta ba su ikon sa hannu a takardar mallaka ba, su ne suka san iyakar kowace gona, kuma galibi su ake kira shaida ranar ciniki.

LISSAFIN FULOTI

Domin mu gane inda ɓarna ke farawa, bari mu sake yin lissafi. Fulotin da aka saba yankawa shi ne ƙafa 50 a ƙafa 100, watau wajen mita 15 a mita 30. Faɗinsa ke nan murabba'in mita 450. Hekta ɗaya kuwa murabba'in mita 10,000 ce. Idan mai gona ya yanka hektarsa kaf, bai bar kome ba, zai sami fuloti 22. Idan kuwa ya ware kashi 30 cikin 100 domin tituna da magudanar ruwa da ɗan filin jama'a, fuloti 15 kaɗai zai samu. Bambanci fuloti 7 ke nan.

A kan waɗannan fuloti 7 ake yin duk rigimar tsarin gari. Mai gona da dillali suna ganin kuɗin fuloti 7 sun tafi a banza. Saboda haka idan ba wanda ya sa ido, sai a ɗauko igiya a yi awo, a bar 'yar siririyar hanya wadda amalanke biyu ba su iya giftawa. Wannan shi ake kira awon igiya. Mai saye yana murna ya sami fili da araha. Bayan shekara 10 unguwa ta cika, sai a ga babu inda za a haƙa kwata, babu inda za a kafa turken lantarki, babu filin makaranta, yara sai sun ƙetare babban titi kafin su je aji. Mai gona ya riga ya ci kuɗinsa. Mutum 22 da iyalansu su za su biya bashin har tsawon rayuwarsu.

Akwai kuma maganar lafiya. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a bar wajen mita 30 tsakanin rijiya da masai. To fulotin da faɗinsa mita 15 ne, idan kowa ya haƙa rijiyarsa da masansa inda ya ga dama, masan maƙwabci zai zo jikin rijiyar maƙwabci. Ta irin wannan hanya amai da gudawa ke yaɗuwa, kuma a 2021 annobar ta ratsa jihohi da yawa, har da Kebbi. Idan da tsari, sai a jera masai a gefe ɗaya na layi, ko a yi wa unguwa rijiyar burtsatse a wuri mai tsabta.

JEGA: KASUWA, HANYA DA GULBI

Muhammadu Buhari ɗan Malam Abdussalami ne ya kafa Jega wajen 1820, tare da mutanen mahaifinsa, Gimbanawa. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, inda fatake ke haɗuwa daga kowace kusurwa. Abin da ya ɗaukaka garin shi ne zamansa a mahaɗar hanyoyi kusa da gulbi. Waɗannan ni'imomi biyu su ne kuma suke kawo masa matsalolin tsari.

Ta fuskar hanya, kowane ɗan kasuwa yana so rumfarsa ta kasance inda matafiyi zai gan ta. Saboda haka teburi da rumfuna sukan matso bakin kwalta, manyan motoci su tsaya sauke kaya a kan titi, 'yan acaba da masu amalanke su cika sauran. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta keɓe mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Wanda ya yi gini a cikin wannan fili yana zaune ne a kan aro. Amma korar mai tebur kaɗai ba magani ba ce, domin gobe zai dawo, abincin 'ya'yansa yake nema. Magani shi ne majalisa ta tanadi wurin sauke kaya da tasha mai fili, da rumfunan da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya biyan hayarsu, sa'an nan a ce kowa ya bar titi.

Ta fuskar gulbi kuwa, fadama arziki ce ga mai shinkafa, amma ba wurin kwana ba ce. A damunar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ta rushe gidaje, ta yanke hanyoyi. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ko ya yi shekara 10 bai bi ta ba, ran da ya cika zai dawo. Haka kuma kududdufan da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ke shanye ruwan sama idan ya yi yawa. Idan aka cike kududdufi da shara aka sayar da shi fuloti, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi ɗakin wani. Daɗin daɗawa, rufin kwano da daɓen siminti ba su shan ruwa kamar ƙasa, ledoji kuma suna toshe kwalbati. Tsofaffin unguwannin Firchin da Kokani da Magaji sun san inda ruwa ya tsaya a kowace babbar ambaliya. Ya kamata a tambaye su, a kafa alama, a ce daga nan zuwa gulbi noma kaɗai za a yi.

ALIERO: ALBASA DA JAMI'A

Aliero ta yi suna da abu biyu tun da daɗewa, noman albasa da gwanayen ɗori. A 2006, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin. Jami'a alheri ce babba. Ta kawo malamai da ɗalibai da ciniki. Amma duk garin da jami'a ta sauka, farashin fili yakan tashi, domin ɗalibai suna neman ɗakunan haya, ma'aikata suna neman gidaje.

A nan ne manomi ke shiga tsaka mai wuya. Idan aka taya gonarsa da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, da ƙyar zai ƙi. Amma kuɗin fili sau ɗaya ake karɓarsa, gona kuwa kowace shekara tana haihuwa, kuma ana gadonta. Gonar da aka zuba wa siminti ta gama fid da albasa har abada. Wannan ba ya nufin a hana gari faɗaɗa. Abin da ake bukata shi ne a auna ƙasa, a san wadda ta fi albarka a bar wa noma, a karkata gine-gine wajen fako da tudu.

Har wa yau albasa tana bukatar wurinta. Tana son rudu ko rumbun da iska ke ratsawa, tana son filin da za a zube ta a cika buhuna, da inda manyan motocin da ke kai ta Kudu za su tsaya ba tare da sun tare hanya ba. Wadda ta ruɓe kuma tana bukatar juji nesa da gidaje. Gidajen hayar ɗalibai su ma suna son ƙa'ida: ɗakuna nawa a fuloti ɗaya, masai nawa, ina ruwan wanka zai bi. Majinyatan da ake kawowa wurin masu ɗori daga nesa kuwa, a mota ake kawo su, ba su iya taka ƙasa. Lungun da mota ba ta shiga azaba ce a kansu.

MAIYAMA: INDA SAURAN DAMA TAKE

Maiyama ƙasar noma ce da kiwo, da garuruwa irin su Andarai da Sambawa da Mungadi da Karaye. Yawancin ƙasarta karkara ce, watau irin wadda dokar 1978 ta sa a hannun ƙaramar hukuma. Wani zai ce ƙauye ba ya bukatar tsari tun da fili ya yalwata. Ni kuwa ina ganin nan ne tsari ya fi sauƙi, ya fi araha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Filin makaranta da na asibiti da na makabarta da na Idi, wanda yau za a keɓe da shaidar dattawa da 'yan turaku huɗu, nan da shekara 20 sai an biya miliyoyi, ko kuma a rasa shi ɗungum.

Babban abin lura a irin wannan wuri shi ne burtali da mashaya da hurumi. Manomi yakan ci taku ɗaya na burtali bana, maƙwabcinsa ya ci taku ɗaya baɗi. Ba wanda ya ga ya yi laifi. Ran da garke ya zo wucewa ya tarar hanya ta tsuke, sai shanu su faɗa gona, daga nan sai faɗa, wani lokaci har da asarar rai. Idan majalisa da hakimai da ardo-ardo da shugabannin manoma suka zagaya tare, aka auna burtali, aka kafa masa duwatsun siminti, aka rubuta a littafi, an kashe wutar tun ba ta kama ba.

YADDA AKE YANKE SHAWARA, DA INDA TALAKA ZAI SHIGA

Ƙaramar hukuma tana da shugaba da mataimakinsa, da kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa. Jihar Kebbi tana da mazaɓu 225. Kansiloli su ke zama majalisa, su yi ƙananan dokoki, su amince da kasafin kuɗi. Shugaba da ma'aikatan sashen ayyuka da na lafiya su ke zartarwa. Idan za a ta da kasuwa, ko a sauya wa tasha wuri, ko a gina kwata, sai an sa abin cikin kasafi. Wanda ya zo da kukansa bayan an rufe kasafi, sai ya jira wata shekara. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai doka ta sani. Wannan ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar inda kuɗinsu ya shiga. Tun 2011 kuma akwai dokar 'yancin samun bayani, wadda ta ba ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukuma ya nemi ganin takardun aikinta.

Me ya sa ya wajaba a ji ta bakin jama'a? Domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Safiyo ya san awo, amma tsohuwar da ta shekara 50 a unguwa ita ta san inda ruwa ke kwana. Mahauci ya san nisan da zai iya kai nama kafin ya lalace. Direba ya san kwanar da tirela ba ta iya juyawa. Kasuwar da aka gina ba da shawarar 'yan kasuwa ba, sau da yawa takan zama makwancin awaki, masu ita suna can bakin titi.

Idan kuwa aka yi sakaci har gini ya tsaya, abin da ke biyo baya ba shi da daɗi. Dokar 1978 ta ba Gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da ke kan filin ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya yi gini a kan hanya ba da izini ba, yana iya tashi hannu rabbana. A watan Yuli na 1990 gwamnatin Legas ta rushe unguwar Maroko, aka ƙiyasta mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni cikin 'yan kwanaki, ga damuna. Garuruwanmu ba su kai Legas ba, amma zafin rasa ɗaki ɗaya ne ko'ina.

SHAWARA GA IYAYE DA ƊALIBAI

Iyayenmu, da girmamawa nake roƙonku abu biyar. Na ɗaya, kafin ku sayi fili, ku je ku gan shi da damuna, ba da rani ba. Na biyu, ku tambayi taswirar wurin, ku auna faɗin hanya da ƙafarku, ku tabbata hukuma ta san da yankan. Na uku, kada a tsaya ga shaidar baki. A rubuta takarda, a kai ta inda doka ta ce. Na huɗu, idan kuna sayar da gona, ku bar wa hanya da ruwa haƙƙinsu, domin wataƙila jikokinku ne za su zauna a wurin. Na biyar, idan unguwa tana da kuka, a haɗu a rubuta shi, mai unguwa da liman da shugabar mata da na matasa su sa hannu, a kai wa kansila, a riƙe kofe ɗaya, a kuma koma a tambayi inda aka kwana. Kukan mutum ɗaya a bakin shago iska ke kwashe shi. Takarda mai hannu 100 tana da nauyi.

Mu kuma ɗalibai, akwai abin da za mu iya tun yanzu. Mun koyi zanen taswira a darasin labarin ƙasa, mun koyi awo a darasin lissafi. Idan aka yi hutu, kowa ya zana taswirar unguwarsu. Ya nuna inda ruwa ke taruwa, da inda juji yake, da rijiyoyin da ke kusa da masai, da filin jama'a da ya rage. Ya karanta wa mahaifinsa takardar fili idan ba ya karatun boko. Ya taimaka wa mai unguwa da rubutun wasiƙa. Idan muka dawo makaranta muka haɗa taswirorin nan, za mu ga garuruwanmu da idon da ba mu taɓa ganinsu da shi ba. Wasunmu kuma ya kamata su yi niyyar karanta aikin safiyo da tsara birane da injiniyan ruwa, domin ƙasarmu tana bukatarsu kamar yadda take bukatar likitoci.

A makarantar kwana mun ga amfanin tsari da idonmu. Ɗakunan kwana suna gefe, azuzuwa suna gefe, ɗakin girki da masai ba su haɗa bango ba, filin wasa kuma ba wanda ya isa ya kafa rumfa a tsakiyarsa. Wani ne ya zauna ya zana wannan tun ba a haife mu ba, ga shi muna cin moriyarsa. Yaran da za a haifa a Jega da Aliero da Maiyama nan da shekara 20 ba su da bakin magana a majalisar yau. Mu ne wakilansu. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan lokaci, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Amin.